Rabin Ƙwayar Da Na Ba Ka A Malbaza

Zuwa ga ƙanena Nasiru, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ne wanka Lawali nake rubuto maka daga gida, Badaguishiri. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya.

Na ce ina fata kana lafiya don haka ake buɗe wasiƙa. Gaskiyar magana ban san halin da kake ciki ba. Ban san garin da kake ba, ban san ko ka ci abinci yau ba. Damina biyu ke nan rabonmu da kai, ba ka da waya, ba ka aiko kowa ba. Shi ya sa na sa wannan a shafina inda kowa zai gani, tare da hotonka na katin lakwal, makarantar boko, wanda ka sa farar riga ka ɗaure fuska kamar wani babban mushe, malamin lakwal. Ko Allah zai sa wani direba, ko ɗan kabu-kabu, ko ɗan tasha ya gane ka, ya zaunar da kai ya karanta maka. Mutane za su karanta abin da ke tsakanina da kai. Na sani, kuma na yarda.

Ina tuna ka kana ƙarami a garkar Baba, can bakin fadama. Ni ina jan guga, kai kana bin kwalbatin ruwa da ɗan kara kana buɗe wa albasa hanya. Shekara takwas ke tsakaninmu, amma surutunka ya fi na babba. Komai ka gani da rubutu sai ka tsaya ka karanta, ko gwangwanin tumatir ne, ko buhun taki. Ni aji huɗu na yi na gudu. Wannan rubutun ma da nake yi a waya kai ka zaunar da ni ka koya mini.

Ka tuna yadda ka tsani warin tabar Baba? Da ya kunna sai ka toshe hanci da bakin riga ka koma nesa. Sau nawa ka sace masa ashana ka binne cikin fangalin albasa? Yakan yi ta lalube a aljihu yana faɗa, daga baya ya yi dariya ya ce, “Wannan likitan namu ba zai bar ni in sha iska ba.” Tun daga nan sunan Likita ya bi ka a unguwa, kai ma ka ɗauka da gaske, kana cewa asibiti za ka yi aiki in ka gama karatu.

Tarin Baba ya daɗe yana cin sa kafin ya kayar da shi. Watanninsa na ƙarshe a zaune yake barci, don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Ranar da ya ji jikinsa ya ƙi, ya kira ni ya riƙe mini hannu ya ce, “Lawali, ga Nasiru nan. Kome za a yi, kada ya bar lakwal.” Na ce masa to. A lokacin da nake ce masa to ɗin, akwai kwalin sigari a aljihun wandona. Tun ina saurayi na koya a fadarmu ta shan shayi, kuma ganin ƙirjin Baba bai sa na bari ba.

Shekarar da ta biyo ruwan rijiyar garka ya ja baya, na tafi Malbaza neman aiki. Na samu dako a mangaza, wato ma’ajiyar kaya, ta wani ɗan kasuwa mai sayar da siminti. Mu sauke buhu daga wannan mota, mu loda wa waccan, tun safe har rana ta faɗi. Ƙurar siminti ta shiga hanci, ta tsattsaga tafin hannu, ta cinye gashin tsakiyar kai. Duk wanda ke wannan aiki a rukuninmu da safe sai ya biya teburin mai shayi, ya sa a haɗa masa kofi mai ƙarfi, ya jefa tramol a ciki. Ba mu kiranta ƙwaya. ’Yan ƙwaya a wurinmu su ne waɗanda ke kwana a bola. Mu maganin gajiya muke sha, mu masu neman halak.

Sai ka faɗi jarrabawar ƙarshen koleji, da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ka shige ɗaki kwana da kwanaki ba ka son ganin kowa. Inna ta ce ka zo wurina ka yi wata biyu ka huce, ka samu na littafi da takalmi, in an koma lakwal ka maimaita ajin. Na tarye ka a bakin titi da ’yar jakarka, har da littafin lissafi a ciki, wai za ka riƙa bita da yamma.

Ranar farko ka yi ta maza. Rana ta biyu kafaɗunka suka saluɓe, ka yi amai bayan mota, ka share baki ka dawo layi don kada a yi maka dariya. Safiya ta uku ka kasa tashi daga tabarma. Na ɗaga ka, na ja ka har teburin mai shayi, na fito da fakitin daga aljihu. Ka karɓa ka juya bayansa kana neman karantawa kamar yadda ka saba, amma rubutun ba na Faransanci ba ne. Ka ɗago ka dube ni ka ce, “Yaya, maganin mene ne?”

Na ce, “Na gajiya ne. Kowa na sha.”

Na ɓallo guda, na raba ta biyu da haƙori, na jefa rabi cikin kofinka, na haɗiye rabi. Ba ka ƙara tambaya ba. Don me za ka tambaya, tunda daga hannuna ta fito?

Ranar nan ka yi aiki kamar ba kai ba. Kana gudu da buhu a ka, kana waƙoƙin lakwal, ’yan dako suna tafa maka suna cewa ɗan boko ya zama namiji. Nasiru, ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Na riƙa nuna ka ina cewa ƙanena ne.

Bayan ’yan kwanaki ka ce mini abin yana tayar maka da zuciya. Na kunna sigari na ja sau biyu na miƙa maka, na ce tana kwantar da shi. Ka yi tari har hawaye suka zubo, muka yi ta dariya. Kai da kake binne ashanar Baba. Kafin watan ya ƙare kai ke zuwa sayo mana.

Aka koma lakwal. Ka ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo ka ce sai an gama sauke motocin da ke layi. Ni kuwa ban matsa ba, don aikin ya fi mini sauƙi muna mu biyu, kuma in na matsa maka ka koma gida, ina tsoron abin da Inna za ta gani a idonka. Rabi ya zama guda, guda ta zama biyu da safe ɗaya da rana. Littafin lissafin nan da shi muka riƙa kunna gawayin shayi, shafi bayan shafi. Da shekara ta juyo ka ce dako ya ishe ka, wani ya ba ka moto, wato babur, a Ƙonni za ka yi kabu-kabu. Na raka ka tasha, har na ƙara maka fakiti biyu a jaka, wai guzuri.

Ni na fara faɗuwa. Da tsakar rana ne, ina saukowa kan katako daga bayan mota da buhu a ka. Abin da na sani kawai na farka a gidan likita, harshena a tattaune, ƙuguna kamar an sara da gatari. Abokan aiki suka ce na yi ta shure-shure ina kumfa kamar mai farfaɗiya. Wata ma’aikaciya, sa’ar Inna, ta tambaye ni guda nawa nake sha a yini. Na ce ni ban sha komai. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, ba sai ka faɗa ba, jikinka ya riga ya faɗa mini. Yau kan ƙasa ka faɗi. Gobe in bakin rijiya ne fa?”

Aka kawo ni gida jinya, a nan na bar ta. Ba don ƙarfin hali ba, don ba na iya tashi in je in sayo ne, kuma tsoro ya kama ni. Kwanakin nan ba na son tuna su. Zufa, zawo, ƙasusuwa na ciwo kamar ana tatsar su, ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya, ƙaramin motsi ya sa in yi tsawa. Inna ta ɗauka masassara ce mai tsanani, ta yi ta dafa mini ganyen dogon yaro tana yi mini surace. Na bar ta a kan haka.

Ka zo dubiya a kan moto, da burodi da lemu a leda. Inna ta yi ta murna ɗanta ya zama mai abin hawa. Ni kuwa idonka na duba, da yadda kake sosa wuya ba hutawa, da yadda ka rame har agogo na yawo a hannunka. Da ta fita ɗebo maka ruwa na ce, “Nasiru, abin nan ka bar shi. Shi ya kayar da ni.” Ka yi dariya ka ce tsufa ne ya kayar da ni. Na sake magana, sai dariyar ta ɗauke. Ka ce, “Ba kai ka ce na gajiya ne ba, Yaya? To ni har yanzu a gajiye nake.” Inna ta shigo da kwanon ruwa, na yi shiru.

Ba a yi wata huɗu ba aka kira ni daga Ƙonni. Ka ɗauko wata mata daga kasuwa da kwandon tumatir ɗinta, kuna kan hanyar fita gari abin ya buge ka a kan moto. Kai ka tashi da ƙujewa. Ita ƙafarta ta karye wuri biyu. Na ɗauki dattawa biyu muka je ba da haƙuri. Mijinta mutumin kirki ne, ya ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah. Ita kuwa ta juya fuskarta bango har muka fito. An ce mini har yau da sanda take tafiya, kuma ta daina zuwa kasuwa. Jandarma suka riƙe ka ’yan kwanaki suka sake ka, mai moto ya karɓe abinsa. Na ce mu tafi gida, ka ce kana da sauran kaya a ɗakin abokinka, in yi gaba kana zuwa. Ba ka zo ba.

Wani direban garinmu ne ya gaya mini inda kake. Na same ka bayan tasha, a inuwar wata matacciyar mota, takalmi ƙafa ɗaya, leɓɓanka sun tsage, da tsumman sholisho a dunƙule cikin hannunka. Na tsaya a kanka na yi sallama. Ka ɗago, ka miƙo hannu ka ce, “Malam, taimaka mini da kara ɗaya.” Ba ka gane ni ba. Sai da na durƙusa na kira ka da Likita, sannan ka zuba mini ido, ka ja riga ka rufe fuska. A mota har muka iso gida ba ka buɗe ba.

Inna ta ce sammu ne. Ta ce tun kana ƙarami ake jin zafin ƙwaƙwalwarka a unguwa. Ta sayar da tunkiyarta, ta shiga bin malamai, wannan ya ba da rubutu, wancan ya ba da turare. Ina kallo tana wanke allo tana ba ka, na san ba nan ciwon yake ba, amma bakina ya yi nauyi. Na ga gara ta zargi mutanen gari da ta dube ni.

Kai kuwa abin sai gaba yake. Turmin atamfarta ya ɓace, tukunyar ƙarfe ta ɓace, injin ban ruwan da na aro ma sai da ka kwance masa wani abu ka sayar. Rannan ta tare ƙofa don kada ka fita, ka ture ta, ta faɗi a kan turmi ta fasa goshi. Da na dawo daga garka na ga jini a ɗankwalinta, ban yi shawara da kowa ba. Na kira maƙeri, muka danne ka mu huɗu, aka sa maka mari a ƙafa, aka ɗaure a ginshiƙin ɗakin Baba. Kana ta kiran sunana kana cewa in dubi Allah. Na fita na ja ƙyaure.

Na san ciwon da ke jiranka a kwanakin da suka biyo, don na ɗanɗana shi. Ni an yi mini jinyarsa da surace da addu’a da kunu mai zafi. Kai a ɗaure ka sha naka.

Safiya ta shida ko ta bakwai, Inna na zaune gabanka tana ba ka kunu a ludayi, ni ina bakin ƙofa ina ɗaure takalmi. Tana ba ka tana kuka tana cewa, “Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi wa ɗana wannan aiki. Allah kada ya ba shi kwanciyar hankali.” Kullum haka take faɗa, ni kuma ina jin ta. Ranar sai ka kawar da kai daga ludayin, ka ce a hankali, “Inna, ki bari. Yaya kike wa Allah ya isa.”

Ka san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. “Kai wannan” take ce mini, ko ta ce “Babba” in tana magana da ku. Ranar ta juyo ta ce, “Lawali.” Sai na ji kamar ba sunana ba ne. Ta ce, “Gaskiya yake faɗi?” Na ce, “Gaskiya ne, Inna. Ni na fara ba shi.” Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta ajiye ludayin cikin kwano, ta dafa bango ta tashi, ta shige ɗakinta. Daga ranar gaisuwata kawai take amsawa, ita ma a taƙaice.

Na tafi Illela na samu wani ma’aikacin lafiya da aka ce ya san irin wannan ciwo. Ya saurare ni har na gama. Ya ce mari ba ya warkar da kowa, sai dai ya ƙara masa ƙiyayya. Ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, akwai maganin da ke rage wahalar bari, amma abin na son lokaci da haƙuri, kuma mutum kan koma ya sake dawowa. Ya ce in kawo ka cikin makon. Na ce to, bari in cire albasa tukuna, kwana goma ne kawai, kada ta lalace a ƙasa. Albasa na zaɓa, Nasiru.

Marin ya ci maka idon sawu har ya fara ruwa. Inna ta kasa jurewa. Ina garka ta aika aka kira maƙerin ya cire. Na dawo na tarar ka yi wanka, ka sa tsohuwar rigar Baba mai ruwan toka, kana zaune a tabarma kana cin tuwo. Kwana uku ka yi lafiya lau, har masallaci kana zuwa. Rana ta uku ka biyo ni garka kana ɗingishi, ka zauna kusa da ni muna ware albasa, manya gefe ƙanana gefe. Mun fi awa biyu a kan aikin. Can ka ɗauki wata ka juya ta ka ce, “Ta bana ta yi kyau.” Na ce, “Ta yi.” Maganar neman gafara tana bakina, na ce bari sai gobe in mun natsu.

Washegari ranar kasuwa ce. Ka ce wa Inna za ka je aski. Da yamma wani ya ce ya ga ka shiga motar Tawa.

Na je Tawa na bi tasha-tasha da hotonka. Na koma Ƙonni, na ƙetara har Sakkwato. Wani da ke zuwa wurin haƙar zinariya can arewa ya ce ya ga mai kama da kai yana tura baro, amma bai rantse ba. Duk wanda ya dawo daga tafiya sai na je masa sannu da zuwa, kowa ya san abin da ke kai ni.

Bara da rani aka kira ni daga Ƙonni. An tsinci gawar wani saurayi a cikin kango, ba takarda a jikinsa, amma akwai tabo a idon sawunsa. Matata Zuwaira kaɗai na gaya wa, na fita. Hanyar nan da na bi sau ba adadi, ranar ban ga komai a kanta ba. Aka shigar da ni ɗakin ajiye gawa, ma’aikacin ya ɗaga mayafi. Ba kai ba ne. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sai kuma kunya ta rufe ni, don yaron yana kwance a gabana, bai fi shekarunka ba, yatsunsa duk ƙunar sigari, shi ma wani ya taɓa sa masa mari. Ba wanda ya zo nemansa. Na tsaya aka yi masa wanka, mu bakwai muka sallace shi, na kama aka sa shi a kabari.

Na iso gida da jar ƙasa a ƙafafuna. Inna na zaune a tsakar gida, ta dube ni ta ce daga ina. Rabon da ta tambaye ni wani abu tun ranar kunun nan. Na zauna a ƙasa na gaya mata duka. Da na gama ta ce, “Shi ma da uwarsa.” Ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ka tafi. Da ta share ido ta tura mini kwano ta ce in ci abinci.

Daga nan jikinta ya fara ƙi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Ni ke ɗaga ta in zaunar, ni ke kai ta likita. Duk sanda na sunkuya kanta sai ta kawar da fuska, na ɗauka fushin ne bai ƙare ba. Zuwaira ce ta ce mini warin taba ne a rigata yake tayar mata da tari. Ka ga, ƙwaya na bari, amma sigari tana nan tare da ni duk shekarun nan, har a bakin kabarin yaron nan sai da na koma gefe na kunna. Ranar da Zuwaira ta faɗa mini na jefa kwalin a murhu. Har yau hannuna na zuwa aljihu da kansa.

Nasiru, ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka. In a tsaye kake ka zauna.

Inna ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Ranar Talata ce bayan la’asar, jiya aka yi sadakar arba’in. Ba ta sha wahala sosai a ƙarshe ba, da kalmar shahada a bakinta ta cika. Mun kai ta kusa da Baba. Mutane sun taru ƙwarai, kuma duk wanda ya yi mini gaisuwa sai ya ɗan duba bayana.

Kwana biyu kafin nan ta ba ni saƙo gare ka, ta sa na maimaita mata don kada in rage. Ta ce, “Ka ce masa turewar da ya yi mini ba shi ba ne, na yafe tun ban tashi daga ƙasa ba. Ka ce masa ni na sa aka kwance shi, kuma ban yi da-na-sani ba, ko da na san zai tafi.” Sai ta huta, ta ce da ni, “Kai kuma Allah ya isan da na yi, na janye ta. Amma kada ka ƙara yin shiru.”

To ga shi ban yi shiru ba. Tun da na dawo gida nakan yi wa samarin garinmu magana, a garka da wuraren shan shayi. Ina ganin su da safe suna jefa ta a kofi kafin su tayar da injin ruwa, ina ganin ’yan koleji sun kewaye tulun shisha suna cewa ai wannan ƙamshin lemu ne kawai. In na yi magana wasu su saurara don ganin girmana, wasu su yi dariya su ce Lawali ya tuba ya zama malam. Labarin faɗuwata nake ba su, da na Baba. Ban taɓa gaya musu cewa Likita da suke tambaya ina ya shiga, ni wansa na raba ƙwayar da haƙorina na sa masa a kofi ba. Yau sun ji.

Ina so su san cewa a teburin mai shayin nan ba mugu ko ɗaya. Ba wanda ya zo da niyyar kashe wani. Wanda ya fara miƙa mini sigari abokina ne, wanda ya fara ba ni tramol tausayina ya ji, ni ma tausayinka na ji. Ba baƙo ke kawo ta ba, wanda ka yarda da shi ne, kuma da fara’a yake miƙo ta. Cikin waɗanda muka yi dako tare, ɗaya ya faɗa ƙarƙashin mota, ɗaya yana nan Malbaza yana zance shi kaɗai a bakin titi, wasu suna nan suna sha suna cewa su ba abin da ta yi musu, kamar yadda na riƙa faɗa har ranar da na sauko kan katakon nan. Gajiyar da muke gudu ba ta tafi ko’ina ba. Da na bar ka ka kwana biyu a tabarma, ko na sa ka a mota ka koma wurin Inna, da yanzu wani zance ake.

Ƙanena, ka dawo. Ko a wane hali kake, ko kana sha ko ka bari, ko da riga ko babu, ka zo haka nan. Ba mari a gidan nan, ba kuwa za a ƙara sa shi ba muddin ina numfashi. Mutumin Illela yana nan, na koma wurinsa, ya ce duk ranar da ka zo ƙofarsa a buɗe take, kuma wannan karon ko garka za ta ƙone ranar zan kai ka. In ganina ne ba ka so, ina da labarin dalili. Ka sauka wurin Gwaggo a Illela, ba sai na sani ba. In zuwan ne ba za ka iya ba, ka ari wayar wani ka kira, ko ba ka yi magana ba zan gane.

Zuwaira ta haihu wata uku da suka wuce, namiji. Inna ta samu ta riƙe shi. Ranar suna dangi suka ce a mayar da sunanka. Na ƙi. Na ce wanda ya rasu ake mayar wa suna, ni kuwa ba wanda ya nuna mini kabarinka. Aka sa masa Haruna.

Abin da na kasa faɗa a garka, ga shi a gaban jama’a: ka yafe mini, Nasiru. Na ci amanar Baba, na cuce ka, sannan na ɗaure ka a kan ciwon da ni na sa maka. In ba za ka iya yafewa yanzu ba, ka zo ka faɗa mini haka ido da ido, zan zauna in ji.

Ya Allah, kai ka san inda bawanka Nasiru yake, ni ban sani ba. In yana jin yunwa ka ciyar da shi, in yana kwance ka tayar da shi, ka haɗa shi da mai tausayi, ka cire masa son abin nan daga jini, ka juyo da ƙafarsa gida. In kuwa ka riga ka karɓe shi, ka yi masa rahama, ka sa wasu bayinka sun sallace shi, ka kuma sanar da mu. Ka jiƙan Inna da Baba, ka haskaka kabarinsu. Ka tsare ’ya’yan mutane daga hannu irin nawa. Amin.

Zuwaira na gaishe ka. Gwaggo na gaishe ka.

Ni ne wanka mai jiranka,
Lawali.